Yadda za ka koya wa yaro jarumta ba tare da dogon wa'azi ba

Ka tambayi yaro ɗan shekara goma waye jarumi, yawanci wani ɗan fim mai ƙwanji zai kawo maka wanda harsashi ba ya huda shi, kuma gaskiya ba laifinsa ba ne, abin da muka bar shi da shi a waya kenan.

Fara da labarin mutum ɗaya na gaske, ɗaya kacal, kar ka jero masa sunaye kamar mai shirin jarabawa. Ni na Dakta Stella Adadevoh na fi ɗauka. A watan Yulin 2014 aka kawo wani matafiyi daga Laberiya asibitin da take aiki a Legas, ta yi zargin Ebola ce, shi ya dage sai ya fita, aka yi ta matsa mata lamba kan ta sallame shi, ta ce ina, ba inda za shi. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta, amma a ƙarshe mutum 20 ne cutar ta kama a duk Najeriya. To in ka zo daidai inda ake matsa matan nan sai ka dakata, ka ce kai da kai ne ya za ka yi? Bar shi ya yi tunani. In ya ce shi dai guduwa zai yi don Allah kar ka yi masa dariya ko ka kira shi matsoraci, ka ce masa ai duk wanda ya san Ebola dole gabansa ya faɗi, likita ma ta fi kowa sanin haɗarin, amma ta tsaya. Nan ne wallahi darasin yake.

Sai ka raba masa jarumta da ganganci, wannan kam kar ka tsallake. Yaron da bai iya ruwa ba in ya ga wani na nutsewa aikinsa ya kwarma ihu ya kira babba ko ya miƙa sanda, ba ya faɗa su zama biyu ba. Jarumtar da ta yi daidai da shekarunsa ita ce in ya fasa wani abu a gida ya ce ni ne na fasa shi, ko ya ƙi shiga cikin masu tsokanar wani a aji. Ran da ya amsa laifi da bakinsa ka sassauta hukuncin, in ba haka ba ƙarya ka koya masa.

Bayan jarumta sai ka koya masa bayarwa don amfanin jama'a, ka ba shi labarin Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a kowa ya sha kyauta, ko Wangari Maathai ta Kenya da ta fara haɗa mata suna dasa itatuwa a 1977, har ta samu kyautar Nobel a 2004. Daga nan ka ba shi aiki a hannu: ya ware wani abu daga kuɗinsa, shi zai zaɓi inda za a kai ba kai ba, ko ku dasa itace a inda kowa zai sha inuwa, ban ruwan ya zama nasa. Kar ka ɗauke shi hoto ka watsa, kar kuma ka biya shi. Bayan sati biyu ku koma tare ku duba ko itacen ya kama.