Yadda Mai Gyaran Itatuwa a Sakkwato Zai Ɗaga Sana'arsa Ta Hanyar Ƙungiya

A wata makaranta da ke unguwarmu akwai bishiyoyin dogonyaro shida a jere. Idan zafin Afrilu ya hana zama cikin aji, ƙarƙashinsu yara ke shimfiɗa tabarma. Wata safiya aka kira wani saurayi da gatarinsa, aka ce ya rage rassan da ke gogar kwano. Kafin azahar ya guntule su kaf, ya bar kututture shida tsaye kamar turakun wuta, aka biya shi kuɗin yini ya tafi. Bayan damina biyu tohon da ya fito ya yi tsawo ba ƙwari, iskar farkon damina ta ɓalle ɗaya ta jefa kan rufin da aka so a kare.

Na san yaron. Yana da ƙarfi, yana da zuciyar hawa, kuma abin da ya ga ana yi shi ya yi. Abokan sana'a ya rasa, waɗanda za su tsaya a gindin bishiya su ce masa "dakata, ba nan ba". Mu masu wannan aiki a Sakkwato, da mai hawa, da mai renon dashe a leda, da mai auren mangwaro a fadamar Kwalkwalawa, kowa na ta kansa yake yi. Shi ya sa har yau ake kiranmu "mai sara", ana yi mana ciniki kamar na ɗan dako. Ga hanyar da nake ganin za ta fitar da mu.

Mataki na farko: nemo waɗanda ke aikin

Kada ka fara da neman suna ko hatimi. Fara da ƙafa. Zaga wurin masu sayar da dashe a bakin titi, ka shiga lambunan bakin gulbi, ka tambayi masu gadin makarantu da masallatai wa suke kira idan reshe ya karye. Je sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka gaisa da malamin daji, ka tambaye shi ko akwai wata ƙungiyar masu dashe da ta riga ta kafu. In akwai, shiga cikinta ya fi kafa kishiya. In babu, mutum goma masu zuwa taro sun fi ɗari da ke cikin littafi kawai. Ka tabbata cikin goman akwai dattijo ɗaya ko biyu da suka tsufa a aikin, domin su ne makarantar farko.

Mataki na biyu: ku mai da taron wata-wata darasi a gindin bishiya

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan daɗe a kai. Ƙungiyoyi da yawa suna mutuwa ne saboda taronsu bai wuce karɓar kuɗin wata da gardamar muƙami ba. Ku naku taron ku yi shi da sassafe kafin rana ta buɗe, a wurin da ake da aiki na gaske, kowane wata da darasi ɗaya.

Darasin farko ya zama yankan reshe. A inda reshe ya haɗu da jikin bishiya akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga. Na taɓa ganin wani dattijo ya kama hannun almajirinsa ya ɗora a wurin. Yaron ya ce, "Baba, nan zan sara?" Ya ce, "A'a ɗana. Ka ji kumburin ga? Da shi icce ka ruhe ciwonai. Bar mashi abinai." Abin da tsohon ya sani da hannu shi ne wani masani ɗan Amurka, Alex Shigo, ya tabbatar bayan ya tsaga dubban itatuwa yana duba cikinsu: bishiya ba ta warkewa irin ta fatar mutum, killace ruɓar take yi ta gina sabon nama a kai. In ka share kumburin ka yanka daf da jiki, ka buɗe wa ruɓa da gara ƙofa. In ka bar dogon guntu, shi ma ruɓewa zai yi ya ja cutar ciki.

Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi. Ka fara daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, ka ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Sai ka koma sama, ɗan gaba da yankan farko, ka yanka har ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana ɓawo ya yage ya bi gangar jiki. Na uku ka cire guntun da ya rage, daidai bayan kumburin. Zarto ya fi gatari a nan nesa ba kusa ba. Kuma a daina shafa baƙin mai ko fenti a kan ciwon, ba ya hana ruɓa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda.

Sauran watanni ba za ku rasa abin koyo ba: ɗaurin igiya da yadda ake sauke reshe a hankali a gida mai ƙunci, wasa zarto, auren mangwaro, gane bishiyar da gara ta cinye cikinta tun kafin a hau, duba kogon kuka ko akwai zuma. Ku ware wata guda cur don maganar wayar wuta. Dokar ƙungiya ta zama ɗaya ce: reshen da ke kusa da waya ba a taɓa shi sai an je ofishin Kaduna Electric, mai raba wuta a jiharmu, an nemi a kashe layin. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma "ai yanzu an ɗauke" ba hujja ba ce, domin ana iya maido ta kana sama.

Mataki na uku: adashen kayan aiki

Injin yankan itace, igiya mai kyau, bel ɗin hawa da hular kwano sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Ku yi adashe ku saya da sunan ƙungiya, a ajiye wurin ma'aji, mai aro ya sa hannu a littafi ya biya ɗan abin gyara. Igiyar da ake ɗaure mutum da ita daban, ta jan reshe daban, kada a taɓa haɗa su. Ku kuma ware wani kaso don ranar da wani ya faɗo, saboda a aikinmu wannan rana tana zuwa.

Mataki na huɗu: rajista

Sai taro ya zauna da gindinsa, kamar wata shida, sannan ku nemi takarda. Kuna iya yin rajistar ƙungiyar gama kai a matakin jiha, ko ku je hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ku yi ta amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ku rubuta tsarin mulki gajere da Hausa, ku buɗe asusun banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Makaranta ko asibiti ko ma'aikata ba sa iya ba mutumin da ba shi da takarda kwangilar shekara, ko da ya fi kowa iya aiki.

Mataki na biyar: ku ƙwanƙwasa ƙofofin da ke kusa

Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimin yana nan cikin garinmu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen nazarin gandun daji. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, ku roƙi malami ɗaya ya zo taronku, ku kuma buɗe wa ɗalibansu lambunanku su zo koyon aiki. Su suna da littafi, ku kuna da hannu. Malaman nan su ne kuma hanyarku zuwa Ƙungiyar Masana Gandun Daji ta Najeriya, FAN, da cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan.

Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye suna bukatar dashe da masu kula da shi, kuma da ƙungiya suke magana. Ranar 21 ga Maris ta gandun daji da 17 ga Yuni ta yaƙi da kwararowar hamada, ku je taro da dashenku a hannu. In an ba ku dama ku faɗi gaskiyar da muka sani: shuka a watan Yuli abu ne mai sauƙi, wuyar tana ga ban ruwa da shinge daga awaki a watan Maris da Afrilu.

Ku kuma dubi arewa. Manoman yankin Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu da abin da suke kira sassaben zamani, tun shekarun 1980: maimakon a ƙone tohon kututturen gawo ko kalgo ko sabara, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a rage sauran. Harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya, kuma manoman Illela da Gada suna cuɗanya da mutanen Nijar kullum. Ƙungiyar da ta ƙware a wannan tana da abin koya wa ƙauyuka.

Mai karatun boko a cikinku yana iya hangen ƙungiyar duniya ta masu kula da itatuwa, ISA, wadda aka kafa a Amurka a 1924. Jarrabawar shaidarta tana neman gogewar shekara uku a aiki, kuma da dala ake biya. Ba na cewa kowa ya bi ta. Mutum ɗaya ya karanta bayanansu a intanet ya dawo ya fassara wa sauran, ya wadatar a yanzu.

Mataki na shida: ajiye shaidar aikinka

Kowace bishiya ka gyara, ɗauki hotonta da waya kafin aiki da bayansa, ka koma bayan shekara ka sake ɗauka, a ga yadda bakin yankan ya naɗe ya fara rufewa. Ku buɗe zauren WhatsApp na aiki zalla, inda wanda ya samu aikin da ya fi ƙarfinsa zai kira biyu su taya shi. Ku tsayar da mafi ƙarancin farashi gwargwadon girman bishiya da hatsarinta, kada ɗan'uwa ya karya ɗan'uwa. Idan maigida ya dage sai an guntule masa dogonyaro, fito da wayar ka nuna masa hoto biyu, wadda aka guntule da wadda aka yi wa aski, ka ce, "Alhaji, duba su bayan damina biyu, sai ka zaɓa."