Yadda Ake Sa Walda Ta Ratsa Ƙarfe Don Haɗi Ya Daɗe Bai Tsage Ba

Ƙarfen da ake ɗora wa nauyi ana saukewa sau dubbai, kamar na gada ko na injin ɗaga kaya, yakan gaji ya soma tsagewa ko da nauyin bai kai wanda zai lanƙwasa shi ba. A haɗin walda, tsagar tana tasowa ne daga bakin waldar, inda ta haɗu da saman farantin ƙarfen, ko kuma daga gindinta, wato can ƙasan haɗin. Ta gindin ce ta fi muni, domin idan narkakken ƙarfen bai ratsa kaurin farantin gaba ɗaya ba, siririn ramin da ya rage a ciki tsaga ce tun ranar farko, kuma tana ci ta ciki, ido ba ya ganinta sai ta ɓullo waje.

Ƙa'idar Turai ta EN 1993-1-9 tana auna juriyar haɗi a kan lodi sau miliyan 2. Haɗin da waldarsa ta ratsa sosai, aka kuma goge samanta ta yi daidai da faranti, yana kai megafaskal 112 (megafaskal ma'aunin nauyin da ke kan kowane yanki na ƙarfen ne), alhali waldar kusurwa, wadda ake yi a lungun da faranti biyu suka haɗu, da ke tsagewa ta gindi 36 kawai take samu. Sauya ƙarfen da wanda ya fi ƙarfi ba ya magance wannan. Asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke aiki shi ne rage nauyin da ke hawa yana sauka, domin idan aka rage shi da rabi, rayuwar haɗin takan ninka kusan sau 8.

Aikin yana farawa kafin a kunna inji. Idan faranti yana da kauri, a fere bakunan biyu su ba da kwari mai kusurwa kusan digiri 60, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a tsakaninsu, a kuma kankare tsatsa, fenti da mai. A zagayen farko a yi amfani da siririyar sandar walda wadda za ta isa ƙasan kwarin. Wuta kaɗan ko saurin hannu sukan sa ƙarfen ya kwanta a sama kawai, wuta mai yawa kuma takan huda gindin ya zubo, shi ma tudun da ya bari wurin fara tsaga ne. Inda hannu zai kai bayan farantin, a ƙwaƙule gindin har sai an ga ƙarfe mai tsabta, sannan a sake yin walda ta can.

Kyawun walda a ido ba shaida ba ce. Kafin a taɓa ainihin aikin, a haɗa guntaye biyu masu kauri ɗaya da shi, a yanka su ta tsakiya, a goge fuskar yankan a zuba mata ruwan asid mai rauni, iyakar inda narkewar ta tsaya za ta fito fili. Haɗin da rayukan mutane suka rataya a kansa kuwa, sai an duba cikinsa da na'urar sauti mai ratsa ƙarfe ko hoton eksire. Goge bakin walda yana ƙara juriya, amma a bar shi sai an tabbatar gindin ya cika.