Yadda ake shirya tafiya daga Legas zuwa tsaunin Mambila ba tare da damina ta tare ka a hanya ba

Kuskuren da ya fi kama mutanenmu na Agege, Mile 12 da Alaba Rago shi ne auna tafiya da sararin Legas. A ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa yakan ɗan tsagaita a nan, mutum ya ga gari ya washe ya ce lokacin hawa Gembu, babban garin Mambila, ya yi. A daidai wannan lokacin kuwa marka ce a kan tsauni, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, gefen hanya yana zubewa. Legas tana bakin teku, Mambila kuma tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600 a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Ga yadda ake tsara tafiyar.

Da farko, zaɓi wata. Damina a kan tsaunin tana kamawa daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma Agusta da Satumba su ne mafi wuya. In tafiyar za ta iya jira, kamar ziyara ko ganin gona, a bar ta sai tsakanin Nuwamba da Maris. Rani ma yana da nasa: hazon hunturu a Disamba da Janairu yana rage gani, ga sanyin dare mai shiga ƙashi. Duk da haka hazo ba ya cinye hanya, ruwa kuwa yana cinyewa. Wanda fatauci ya tilasta masa shiga damina, ya ƙara kwana biyu a kan lissafinsa, da kuɗin ci da na masauki na waɗannan kwanakin, kada ya yi wa kowa alkawarin ranar isowa.

Na biyu, bincika hanya tun daga nan, gaɓa-gaɓa. Sau da yawa ba a kan dutsen ake maƙalewa ba, tun a ƙasa ne. A 2012 da kuma 2022 ambaliyar kogin Neja ta rufe hanya a yankin Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a layi. A Agustan 2024 ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari zuwa Jalingo. Don haka tambayar ba ɗaya ba ce. Ka tambayi halin Lokoja, sannan na Binuwai zuwa Wukari, sannan na Bali zuwa Serti, sai na ƙarshe daga Mayo Selbe, inda hawan yake farawa, zuwa Maisamari, Nguroje da Gembu. Wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne direban da ya sauko jiya ko yau. Je tasha, ka sami ɗan kamasho, ka ce: "Ranka ya daɗe, akwai motar da ta shigo daga Taraba yau? A haɗa ni da direban." Idan an haɗa ku kada ka tsaya a "Yaya hanya?", domin amsar kullum "Lafiya lau" ce. Tambaye shi ƙarfe nawa ya bar Serti, ina ya kwana, ko an sauke fasinja a wani wuri an tura mota. Labarin da ya kwana uku a damina ya tsufa. Duba kuma hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet, ka ajiye lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa.

Na uku, mota. A nan ya kamata a daɗe, domin motar da ta saba da gosulon Legas ba ta taɓa fuskantar abin da dutse zai tambaye ta ba.

Fara da birki. A cire ƙafafun huɗu a duba da ido, abin da ya cinye a canja. Sannan man birki: yana tsotsar danshi daga iska, Legas kuwa garin danshi ce. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. A doguwar gangara, mai da ya tafasa yakan zama tururi, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa babu kamu. In ya wuce shekara biyu a ciki, a zubar da shi duka a zuba sabo, a fitar da iska. Ƙari a kan tsoho ba gyara ba ne.

Sai lagireto. A wanke shi, a duba robobinsa da fanka, a canja murfin in ya saki. Mutane suna raina murfin, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma a tsayin Mambila ruwan da ba a matse ba yana tafasa a wajen digiri 95, ba 100 ba. A zuba ruwan sanyaya inji na kwalba, a ɗauki jarka mai lita 10 ta ruwa a but.

Injin ma zai rage ƙarfi. Iska tana yin sirara yayin da ake hawa, kuma injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300. Kafin ka kai saman tudun ka rasa wajen kashi 15. Ma'anarsa ita ce lodin da mota ke ja cikin sauƙi a hanyar Ibadan zai iya gagararta a hawan Mayo Selbe. Rage kaya, ka tabbata kuloci ba ya zamewa.

Taya kuma zanenta ya kai zurfin milimita 3 ko fiye, har da safaya. Waifa sababbi, fitilu duka suna kamawa. Sa igiyar jan mota, shebur, tocila da katakon tare taya, ka cika tanki a Bali ko Serti.

Na huɗu, hawa da rana. Tafiyar ta haura kilomita dubu, ba ta yini ɗaya ba ce. Tsara ta yadda za ka kwana a ƙasa ka kama hawan da safe bayan gari ya waye sosai. Ruwan tsauni ya fi zuwa da yamma, gajimare kuma yakan sauko ya kwanta a kan kwalta har ka kasa ganin motar da ke gabanka. In ka shiga irin wannan, kunna ƙaramar fitila. Babbar tana dukan hazon ne hasken ya dawo idonka. Yi hon kafin kowace kwana, kada ka wuce mota a inda ba ka ganin gaba. A wuri mai ƙunci mai saukowa ne yake ba mai hawa hanya, domin motar da ta tsaya a tsakiyar hawa da lodi tashinta da wuya.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, ta biyu ko ta ɗaya. Mai otomatik ya mayar da ita L ko 2. Bar injin ya riƙe motar, birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, kada a ɗora ƙafa a kai ana ja. Sakin mota a firi don tsimin mai shi ne abin da ya fi kashe birki. Da ka ji ƙaurin ƙuna, nemi fili ka tsaya, ka tare taya, ka ba shi rabin awa ya huce da kansa. Kada a watsa masa ruwa, ƙarfen yana iya lanƙwashewa.

Na biyar, idan ka tarar hanya ta rufe. In ƙasa ce ta zaftaro, ja da baya nesa da gindin gangaren, domin inda ya zubo sau ɗaya yana iya sake zubowa, musamman in ruwa bai ɗauke ba. In ruwa ne ya hau kan kwalbati, kada ka shiga. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota, kuma ba ka san ko ya riga ya cinye ƙasan kwaltar ba. Rafin dutse yana cika da sauri, yana kuma janyewa da sauri, sau da yawa jiran 'yan awoyi ya isa. Hanyar ratse da 'yan acaba za su nuna maka ta babur ce, ba lalle ta ɗauki mota mai lodi ba. Kira gida tun kana da sabis, ka faɗi sunan garin da kake.

Jikinka ma yana buƙatar shiri. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita dubu, don haka sa rigar sanyi, safa, hula da bargo a jakar hannu, ba cikin lodin da aka ɗaure a sama ba. Mai asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin tafiya, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin da ya ƙiyasta. Idan sanyi ya matsa a masauki, kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe: hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.