Matakan shiga hamadar Termit daga Damagaram

Da farko ku nemi izinin ma'aikatan gandun daji, tun 2012 Termit da Tin Toumma yanki ne mai kariya. Ku sanar da jandarmomi hanyarku, ku tambayi halin tsaro.

Ku tashi da mota biyu, ta Gure zuwa Tasker, tare da ɗan jagora ɗan yankin. Lokacin sanyi ya fi, Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ruwa: lita 6 kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana biyu. Mai ma ku ninka, rairayi na shan mai sosai.

In kun shiga yashi ku rage iskar taya, in ba haka ba mota za ta kafe. In ta lalace, kada kowa ya bar wurinta, an fi saurin hango mota a kan mutum.