Yadda za ka yi odar abinci a ƙasar da ba ka jin yarenta

Kafin ka fita, nemi sunan gidan abincin a Google Maps ka duba hotunan takardar abincinsu, ka zaɓi abu biyu ko uku tun daga gida. Duba lokacin buɗewa ma, domin a Sifen wurare da dama ba sa fara abincin dare sai bayan ƙarfe 8.

Sai ka rubuta a takarda, da yaren ƙasar, abin da ba ka ci: naman alade, giya, ko abin da jikinka ba ya so kamar gyaɗa. Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci. Miyar da ake gani kamar ta ganye ce zalla, sau da yawa da romon nama aka dafa ta, wasu kuma ana zuba musu giya a tukunya. Miƙa wa ma'aikacin takardar, kada ka dogara da ɗaga kan da ya yi.

Idan takardar abincin ta gagare ka, ɗora mata kyamarar Google Translate. Fassararta kan zo a karkace, amma za ka gane kaza ce ko kifi. In ta ƙi, nuna da yatsa, ba abin kunya ba ne.

Da ka gama, ka nemi lissafi da kanka. A Faransa da Jamus ba za a kawo ba sai ka tambaya, don kada ya zama ana korar ka.

Batun ihsani ga ma'aikaci kuwa, kowace ƙasa da nata. A Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a Japan kuma ba a bayarwa, in ka bar kuɗi a tebur za a iya biyo ka da su.