Bangalo a Ingila: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

In kana neman gidan haya a Ingila, da ka buɗe shafukan tallan gidaje irin Rightmove ko Zoopla za ka ci karo da kalmar da ka saba ji a gida: bangalo, wato gida marar bene. A Kano ko Kaduna, bene na masu hali ne, marar bene kuwa na kowa da kowa. A nan abin ya juya, kada sabo ya ruɗe ka.

Kalmar daga Indiya ta fito, daga "bangla", wato gida irin na mutanen Bengal: gini ƙasa-ƙasa mai jinkar ciyawa. Ma'aikatan kamfanin Birtaniya na Gabashin Indiya sun are ta tun ƙarni na 17, daga baya suka faɗaɗa ginin, suka zagaye shi da baranda domin iska ta ratsa. Salon nan ne Turawan mulkin mallaka suka kawo unguwanninsu irin Nasarawa a Kano. A Ingila kuwa sai wajajen 1870 aka fara gina shi, a Westgate da Birchington da ke bakin teku a Kent, inda masu kuɗi ke zuwa shan iska.

Ka ga ke nan gidan da aka tsara don maganin zafi ya faɗo ƙasar sanyi. Kowane ɗaki rufi ne a kansa, ɗumi ta nan yake zurarewa, kuɗin gas kuma ya yi ta hawa. Kafin ka sa hannu, nemi takardar EPC, mai auna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A (mafi kyau) zuwa G. Doka ta hana ba da hayar wanda bai kai E ba, sai da uzuri na musamman. Ka dafa bango a lungu ka ji ko da laima, ka leƙa bayan kabad ko baƙin tabo ya fito.

Sannan yana da wuyar samu, yana da tsada, domin fili yake ci, tsofaffi kuma rububinsa suke yi. Yawancin irin gidajen nan a gefen gari suke, nesa da masallaci da shagon halal.

Amma in Inna ko Baba za su zauna tare da ku, ga ciwon gwiwa, wallahi ya cancanci ƙarin kuɗin, don matakalar gidajen bene na nan tana da tsini da matsi. Sai dai ka tambaya tukuna: wanda aka rubuta "chalet" ko "dormer" a tallansa yana da ɗaki a cikin rufi, shi ma hawa ake yi.