Darasi na Tara: Idan Ruwan Tafki Ya Koma Kore

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Jigawa ya san gansakuka, domin da wuya a sami kududdufi ko tafkin da ba ta fitowa a cikinsa idan rani ya yi nisa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gansakuka iri-iri ce, kuma a cikinta akwai wadda ke fitar da guba mai kashe dabba cikin 'yan sa'o'i, ta kuma lalata hantar ɗan Adam. Masana na kiranta sayanobakteriya. Ƙwayoyin halitta ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganin ɗaya daga cikinsu sai da madubin likita, amma idan suka hayayyafa sai ruwa ya yi kauri, ya koma kamar an kaɗa miyar kuka ko an zubar da koren fenti a kansa, wani lokaci har da wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Abubuwa uku take so: zafi, ruwan da ba ya gudu, da abinci. Zafi dai muna da shi, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da tafkuna ke janyewa. Ruwa kwantacce ma ya yawaita tun da aka gina manyan madatsai irin su Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ga ƙananan dam-dam, ga tafkunan fadamar Haɗeja, ga kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Abincin kuwa mu ne muke kai mata da hannunmu. Takin zamani na NPK da yuriya da manomin rani ya watsa wa shinkafa ko tumatir, ba duka shuka ke shanyewa ba, ragowar ruwan ban-ruwa ne ke wanke shi ya mayar tafki, kuma abin da ke sa shinkafa ta yi kore shar shi ne ke sa gansakuka ta yi kore shar. Haka kashin shanu a mashaya, da bahaya a bakin ruwa, da kumfar wanki.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu sosai. An daɗe ana koya mana cewa a tafasa ruwa kafin a sha, kuma wannan gaskiya ne game da kwalara da taifot, saboda wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma gubar gansakuka ba abu mai rai ba ce balle wuta ta kashe ta. Tafasawa tana fasa ƙwayoyin ne su saki gubar da ke cikinsu, ruwa kuma ya ragu da tururi, gubar kuwa tana nan a tukunya. Tacewa da ƙyalle ko zuba alif na iya sa ruwan ya yi garau a ido, alhali gubar da ta riga ta narke tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa gubar da ake kira maikurosistin kada ta wuce maikurogiram 1 a cikin lita guda ta ruwan sha, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, abin da ido ba zai gani ba, harshe ma ba zai ji ba. A garin Karuwaru na ƙasar Barazil, a 1996, fiye da mutum 50 masu ciwon ƙoda sun rasu bayan an yi musu wankin jini da ruwan wata madatsa mai wannan guba. A 2020 kuma giwaye fiye da 300 sun mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan gubar gansakuka ta tafkunan da suke sha. Abin da ya kayar da giwa, a ganina, ba a gwada shi a kan akuya ko yaron goye.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A sami doguwar sanda a tsoma a inda koren ya taru, sannan a ɗaga. Idan ta fito da zare-zare masu tsawo kamar gashi, wannan gansakukar da muka saba da ita ce, galibi ba ta da guba. Idan kuwa sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, babu abin da ya rataye a jikinta, to a ɗauka mai gubar ce. Gwajin ba ya yanke hukunci, domin tabbacin guba sai a ɗakin bincike, amma ya isa ya sa a kauce. A lura kuma da iska, domin takan tura kumfar gansakukar gefe guda, ta yadda mashayar da ke da kyau da safe za ta iya cika da kore kafin la'asar.

Idan an ga alamar, kada a sha, kada a yi girki, kada a yi wanka, kada kuma a yi alwala da ruwan, tun da alwala ta ƙunshi kurkurar baki da shaƙa ruwa. A koma rijiya ko rijiyar burtsatse, ko da tana da nisa. Makiyayi ya kora shanunsa wata mashayar, domin dabba mai ƙishirwa a gefe take sha, inda kumfar ta fi kauri. Kifin da aka tsinta matacce a bakin ruwa ba na ci ba ne, wanda aka kama da rai kuwa, karfasa ko tarwaɗa, a cire kayan cikinsa duka a binne, saboda a hanta da hanji gubar ta fi taruwa. Kada wani ya yi dabarar zuba maganin feshi don ya kashe koren, domin mutuwarsa gaba ɗaya ita ce ke sakin gubar lokaci guda. Yaron da ya yi iyo ya fito da ƙaiƙayi ko jan ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta, idan kuma amai ko gudawa suka biyo baya, a kai shi asibiti a faɗa wa ma'aikacin lafiya ruwan da ya shiga. Sai a sanar da mai unguwa ko dagaci domin a yi shela a masallaci da kasuwa, a kuma kai labari ga duba-gari da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Rigakafin yana hannun manomi fiye da kowa. A riƙa binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, a bar ciyawa ta tsaya tsakanin gona da bakin ruwa domin ta tare abin da ruwa ya kwaso, a kuma nisanta masai da wurin wanki daga tafki.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya je tafkin da ya fi kusa da gidansa sau biyu, da safe da yamma, ya yi gwajin sanda ba tare da ya taɓa ruwan da hannu ba, sannan ya rubuta a littafinsa rana da lokaci, da launin ruwan, da gefen da koren ya taru, ya kawo aji ranar darasi na gaba.